Ɗan Koyo Ma Yana Da Haƙƙi A Filin Wasan Jami'a

A mafi yawan manyan makarantun ƙasar nan, cikin jerin kuɗaɗen da ɗalibi ke biya a farkon shekarar karatu akwai abin da ake kira kuɗin wasanni. Kowa na biya, gwani da wanda bai taɓa sa takalmin ƙwallo ba, namiji da mace. Amma idan aka idar da sallar la'asar aka nufi fili, sai a tarar 'yan ƙalilan ne a ciki, waɗanda suka zo da gwanintarsu tun daga sakandare, sauran kuwa sun yi cirko-cirko a gefe, wasu ma ba su san hanyar wurin ba har su karɓi takardar kammalawa. Abin tambaya a nan shi ne, ina rabon ɗan koyo a cikin abin da ya biya?

Wannan tambaya ta fi nauyi a yanki irin na Jega da Aliero da Maiyama. Tun da aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero a shekarar 2006, wadda yanzu take ɗauke da sunan Abdullahi Fodiyo, ga kuma makarantar koyon aikin lafiya da ke Jega, 'ya'yan manoma da 'yan kasuwar wannan yanki suka samu manyan makarantu a ƙofar gida. Yaron da ya taso a nan ba raggo ba ne. Ya yi noman rani, ya yi dakon buhun albasa, ya yi langa da kokawa a dandali, ya yi ninƙaya a gulbi. Da ya shiga jami'a sai duk wannan ya tsaya cak: daga aji zuwa ɗakin gwaje-gwaje, daga nan zuwa katifa da wayar hannu, har shekara huɗu ko biyar. Jikin da ya saba da wahala ya koma zama, ga kuma wasannin da ake yi a makaranta, irin su kwando da raga da tanis, bai taɓa riƙa ƙwallonsu ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa baligi ya samu aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a kowane mako, kuma alƙaluman da ta fitar a 2024 sun nuna cewa kusan kashi 31 cikin ɗari na manyan mutane a duniya ba sa cika wannan. Mu da muke zaune a ofisoshi, muke yawo da maganin hawan jini da na ciwon sukari a aljihu, mun fi kowa sanin inda zaman ke kai mutum.

To me ke hana ɗan koyo shiga fili? A ganina, kafin a kai ga rashin kayan aiki, harshenmu kansa ya riga ya yi wa lamarin hukunci. Bahaushe da kalma ɗaya yake kiran motsa jiki da sakarci. Idan ya ce yaro "yana wasa da karatunsa", zargi ne. Idan ya ce abu "ba wasa ba ne", yabo ne. Uban da ya sayar da amfanin gonarsa ya biya kuɗin makaranta, in ya ji an ce an ga ɗansa yana wasa, ba lafiyar zuciya zai tuna ba, asarar kuɗinsa zai tuna. Gwani shi yana da hujjar kare kansa, domin yana ciyo kofi, ana kiran sunansa. Ɗan koyo mai shekara ashirin da ke bin ƙwallo tana kuɓuce masa ba shi da hujjar komai, sai dariyar 'yan kallo.

Ita dariyar nan kada a raina ta. Masu nazarin yadda ake koyon harshe sun daɗe da lura cewa babba yakan makale ne saboda tsoron kuskure a gaban jama'a, yayin da yaro ke kwaɓa magana son ransa har ya iya. Masanin nan Stephen Krashen ya yi bayani a shekarun 1980 cewa fargaba da jin kunya kan zama shamaki tsakanin mai koyo da abin da yake ji, komai ƙwazon malaminsa. Abin da ke faruwa da harshe shi ke faruwa da ƙafa da hannu. Wanda aka yi wa ihu ranar farko da ya shiga fili, da wuya ya dawo rana ta biyu. Dattawanmu sun gane haka, shi ya sa a dandali ba a haɗa ƙaramin yaro kokawa da ƙato, kowa da sa'ansa ake kara shi.

Jami'o'inmu kuwa sun gina harkar wasanninsu ne a kan gasa. Tun 1966 da aka fara gasar NUGA a Ibadan, ma'aunin nasarar sashen wasanni shi ne yawan lambobin da tawaga ta dawo da su. Ba na ƙin wannan, amma tawaga mutum nawa ce a cikin dubban ɗalibai? A Amurka hawa uku suka yi wa abin: akwai tawagar makaranta ta gwanaye, akwai kulob-kulob da ɗalibai ke gudanarwa da kansu, akwai kuma wasannin cikin gida tsakanin ɗakunan kwana da sassa, inda ba a tambayar kowa ko ya iya. Jami'o'in Michigan da Ohio sun buɗe sashe na musamman domin wannan hawa na uku tun 1913. A Ingila kuma al'ada ce a bar yammacin Laraba ba lacca domin wasanni, al'adar da jami'o'inmu da dama suka gada a takarda, sai dai mu malamai mu ne kan fara cinye ta da laccar cike gurbi da gwajin ba-zata.

Wani zai ce ina kuɗin yin duk wannan? Ai hawa na uku shi ne mafi araha. Ƙwallon raga ba ta buƙatar abin da ya wuce sanda biyu da raga da fili mai yashi, kuma yashi ba ya cikin abin da Kebbi ta rasa. Abin da ake buƙata shi ne a ware ranaku biyu a mako waɗanda fili na 'yan koyo ne zalla, a hana 'yan tawaga shiga sai dai a matsayin masu koyarwa, a kuma shirya gasa tsakanin sassa da sharaɗin cewa duk wanda ya taɓa wakiltar makaranta ba ya ciki. A sa langa da kokawa a jadawali, domin a nan ɗan Maiyama ne malami, ɗan birni ne ɗan koyo, kowa ya ɗanɗana. Lokaci ma a duba shi da idon mutanen wurin: a watan Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, bayan asuba da gab da magariba ne kawai hankali zai ɗauka.

Sai batun 'yan mata, waɗanda su ne aka fi ƙwara. Suna biyan kuɗin daidai da maza, amma ɗiyar mutunci daga Jega ba za ta yi gudu a gaban taron samari ba, kuma ban ga laifinta ba. Tufafi dai sun daina zama uzuri, tunda hukumomin ƙwallon ƙafa na duniya sun amince da rufe kai a 2014, na ƙwallon kwando kuma a 2017. Abin da ya rage shi ne killataccen wuri kusa da ɗakunan kwanansu, da mace mai koyarwa, da sa'o'in da babu namijin da zai leƙa.

Shi kuma ɗalibi, kada ya jira sai hukuma ta gama zaman kwamiti. Gemu ba ya hana ilimi. Hakeem Olajuwon sai da ya kai samartaka a Legas kafin ya fara ƙwallon kwando, ya kuma ci kofin NBA a 1994 da 1995. Ba ina nufin kowa zai zama shi ba, kuma ba shi ne abin nema ba. Ya nemi abokai biyar ko shida waɗanda su ma ba su iya ba, su yi karo-karo su sayi ƙwallo, su zaɓi lokacin da gwanaye ba su fito ba. Su fara da sassarfa da miƙe gaɓoɓi kafin a shiga gumurzu, su bar taka-leda da silifas a kan tsakuwa. Gaskiya ne Aliero ta yi suna wajen ɗori, har daga nesa ake kawo masu karaya, amma wannan ba dalili ba ne da zai sa sabon ɗalibi ya fara sanin garin ta gidan mai ɗori a makonsa na farko.