Wasiyya Ba Ta Jawo Ajali

Masaka, wadda ke kan hanyar Abuja zuwa Keffi cikin ƙaramar hukumar Karu, gari ne na baƙi. Akasarin magidantanta a Abuja suke neman abinci, da yawa kuma sun tare a can ne bayan rushe-rushen da aka yi a babban birnin tsakanin 2003 da 2007. Dangi suna Katsina ko Sakkwato, maigida kuwa yana nan da mata da ƙananan yara. To, ran da ciwo ya kwantar da shi har bakinsa ya rufe, wa zai yi magana da yawunsa?

A nan ne rigima kan tashi. Uwargida ta ce a bar shi asibitin tarayya na Keffi, 'yan'uwa su bugo waya su ce lalle a kawo shi gida. Wannan ya ce a sayar da fili a ci gaba da magani, wancan ya ce sam. Kowa da kyakkyawar niyya, amma babu wanda ya san nufin majiyyacin, don bai taɓa faɗa ba.

Mutane da yawa suna ganin zancen wasiyya tamkar kiran mutuwa ne. Alhali kuwa Musulunci ya kwaɗaitar da rubuta ta tun mutum yana da lafiya. Ya iyakance ta ga sulusin dukiya, ya hana yin ta ga magaji, ya kuma sa biyan bashi gaba da rabon gado. Dokar ƙasa ma ba ta yi shiru ba. A 2001, cikin shari'ar Dokta Okonkwo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa baligi mai hankali yana da ikon ƙin maganin da bai yarda da shi ba. Amma iyali ba za su kare ra'ayin da ba su taɓa ji ba.

Ma'aikata kuma su lura. Dokar fansho ta 2014 ta wajabta inshorar rai da ba ta gaza albashin shekara uku ba. Sai dai sunan da aka rubuta a fom a matsayin ɗan'uwa na kusa ba ya mai da mutum magaji. Idan babu wasiyya, sai iyali sun karɓo takardar izini daga kotu kafin kuɗin fansho su fito.

Saboda haka ya kamata maigida, Musulmi ne ko Kirista, ya tara iyalinsa da amintattun shaidu biyu ya bayyana: wa zai yanke shawara idan ya kasa, ina yake son a yi jinyarsa, ina za a binne shi, wa yake bi bashi, wa ke binsa, ina takardun fili suke. A rubuta, a sa hannu, a adana. Haka nan ita ma uwargida.

Zama ne mai nauyi, amma ya fi sauƙi a tsakar gida da a bakin gadon asibiti. Hausawa dai sun ce, tun ran gini ran zane.