Zancen Garka: Dankali da Ɗari

Hatsi ya shiga rumbu, lokacin garka ya yi.

Can Amurka, a bakin tekun Kalifoniya, ana noman wani farin inabi mai suna shardone, ana giya da shi. Giyar ba ruwanmu da ita, amma ku dubi dabarar manomansa. Suna neman wurin da hazon teku ke kawo sanyi, da ƙasa mai yashi wadda ruwa ba ya kwanta mata.

Dankalin turawa da muke shukawa a Dogon Dutsi haka yake so. Mu ba mu da teku. Sanyinmu ɗari ne, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. Dankali kuwa yana bukatar kwana 90 zuwa 100. Wanda ya shuka a Nuwamba zai tona kafin zafi. Wanda ya jira har Janairu, zafin Maris zai riske shi. Ganye ya yi kyau, a tona a tarar da ƴan ƙanana kamar ƙwan zabo. Kuɗin iri ya tafi ke nan.

Ƙasar Dallol Mawri ba iri ɗaya ba ce. Ku jiƙa ta, ku dunƙula a hannu. In ta farfashe da an taɓa ta, ta yi. In ta manne kamar yumɓu, dankali zai ruɓe cikinta, a bar wa rake. Inda ta yi farin kanwa, ku ƙyale ta.

Ku makiyaya, ku tara mana takin shanu. Amma ruɓaɓɓe muke so, ɗanye ƙona saiwa yake yi.