Yaron da Bai Yi Magana Ba, Hakkinsa Yana Kanmu

A garuruwanmu na Batsari da Safana, idan yaro ya kai shekara uku bai buɗe baki ba, a kira sunansa bai waiwayo ba, ga shi kuwa kunnensa lafiya lau, sai a yanke hukunci cewa iska ce ta taɓa shi. Daga nan sai turare da rubutu, wani lokaci har da bulala. Alhali kuwa sau da yawa larura ce da likitoci ke kira otizim, wadda likita Leo Kanner ya bayyana a Amurka tun 1943, bayan ya nazarci yara 11. Ba laifin uwa ba ne, ba kuma taurin kai ba ne.

Ra'ayinmu shi ne, irin wannan yaro yana iya koyon isar da saƙo, kuma gida ne makarantarsa ta farko. Uwa ta tsuguna daidai fuskarsa, ta bi abin da hankalinsa ya karkata gare shi, ta ambaci sunan abin da kalma ɗaya: ruwa, koko, takalmi. Ta riƙe moɗa ta ɗan dakata, har ya miƙo hannu ko ya yi nuni, sannan ta ba shi nan take. A 1985 Andy Bondy da Lori Frost suka fito da dabarar miƙa hoto: yaro ya miƙa hoton abin da yake so, a ba shi. Kwali da alƙalami sun wadatar.

Wani zai ce, mutanen da ɓarayin dajin Rugu suka raba da gidajensu ina suka ga sukunin wannan? Mu kuwa muka ce nan ne bukatar ta fi tsanani. Yaron da ba ya iya faɗin sunansa ko garinsu, idan ya ɓace a ranar gudu, wa zai mayar da shi hannun iyayensa?

A Janairun 2019 aka sa hannu kan dokar hana wariya ga masu bukata ta musamman, amma doka ba ta shiga tsakar gida da ƙafarta. Saboda haka, ya ku 'yan'uwa ɗalibai, musamman na Dutsin-Ma da Katsina, da ku matasan ma'aikata, idan hutu ya zo mu zauna da iyaye da malaman firamare da na Islamiyya, mu bayyana musu wannan da Hausa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.