SHARHI: Cibiyoyin karatu daga nesa sun iso Gwarzo da Kabo, amma wa ke tsara darussan?

Cikin 'yan shekarun nan, yammacin Jihar Kano ya samu ƙarin manyan makarantu. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta buɗe cibiyoyi a ƙananan hukumomi 13 na Kano ta Arewa, ciki har da Gwarzo da Kabo, bisa ɗawainiyar Sanata Barau Jibrin. A 2025 kuma aka ɗaga darajar Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Kabo zuwa jami'ar kimiyya da fasaha. Gwarzo dama tana da Makarantar Nazarin Muhalli ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano.

Sai dai gini da kwamfutoci rabin aiki ne. A karatu ta intanet, malamin da ya fi tasiri shi ne wanda ɗalibi ba ya gani: mai tsara darasi. Shi ke yanke shawarar abin da za a fara koyarwa, da tsawon kowane kashi, da tambayoyin da za su nuna ko an fahimta. A tsarin NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, sannan aka farfaɗo da ita a zamanin mulkin Obasanjo, daga hedikwata ake shirya littattafan kwasa-kwasai. Aikin cibiyoyi ya fi karkata ga rajista, ba da shawara da zana jarrabawa.

Ma'anar wannan ita ce, matuƙar malaman yankin ba su yi suna a fannin tsara darussa ba, za su ci gaba da zama masu rabon abin da wasu suka dafa.

Suna a wannan fanni ba ya zuwa da takardar shaida kaɗai. Rajistar hukumar TRCN tana tabbatar da cewa mutum malami ne, amma ba ta nuna ko ya iya mayar da darasin minti arba'in zuwa saƙon murya na minti biyar da yarinya a ƙauye za ta saurara a wayar mahaifinta. Abin da ke nuna haka shi ne aikin da aka fitar fili: darasin da aka tsara, bayanin dalilin tsara shi haka, da abin da aka gyara bayan ɗalibai sun gwada. Farfesa Abdalla Uba Adamu, ɗan Kano da ya shugabanci NOUN daga 2016 zuwa 2021, ya yi fice ne ta hanyar rubuce-rubucen da masana na gida da waje suka karanta suka tantance.

A nan malaman karkara suna da abin da ƙwararrun Abuja ba su da shi. Rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona ya nuna cewa darasin da aka gina kan bidiyo mai nauyi ba ya isa inda lantarki da sabis ke da rauni, shi ya sa aka koma ga rediyo da talabijin. Manhajar Nigeria Learning Passport da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da UNICEF suka ƙaddamar a 2022 ma tana buƙatar darussan da suka dace da harshe da rayuwar ɗalibi. Wanda ke koyarwa a Getso ko Garo ya fi kowa sanin inda gizo ke saƙar.

Akwai cikas guda biyu. Na farko, ƙarin girma a manyan makarantu ya fi dogara ga maƙalun da aka buga a mujallun ilimi, don haka mai ɓata dare yana tsara darasi ba ya ganin ladansa a wurin aiki. Na biyu, kafafen sada zumunta sun cika da masu kiran kansu ƙwararru suna sayar da kwasa-kwasan da suka kwafo, lamarin da ke zubar da ƙimar masu aikin gaskiya.

Gwamnatin Kano ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi a watan Yunin 2024. Idan sabuwar jami'ar Kabo ta sanya tsara darussan intanet cikin ma'aunin ƙarin girma tun daga tushe, ma'aikatar ilimi kuma ta riƙa tantance darussan malaman sakandare tana wallafa su da sunayen masu su, yankin zai samu nasa masana. In ba haka ba, cibiyoyin za su tsaya a matsayin ɗakunan zana jarrabawa.