Filin Direbobi da Kanikawa: Tukunyar tace hayaƙin mota

A ƙarƙashin motocin zamani, tsakanin inji da salansa, akwai wata ƴar tukunyar ƙarfe wadda ake kira katalizar da Faransanci. Kanikawan Najeriya kuwa indomi suke ce mata. Aikinta tace hayaƙi kafin ya fita. A wannan wata, filin zai duba zancen masu cire ta.

A cikin tukunyar akwai dunƙulen yumɓu mai ƙananan ramuka dubbai, kamar saƙar zuma. An shafe ramukan da ƙarfe iri uku masu daraja: filatinum, faladiyum da rodiyum. Duka-duka ba su wuce ƴan giram ba. In inji ya ƙona fetur, hayaƙin yana ɗauke da guba iri uku. Ta farko iska ce marar wari mai kisa, irin wadda gawayi ke fitarwa a rufaffen ɗaki. Ta biyu ragowar man da bai ƙone ba. Ta uku iska ce mai cutar huhu. In tukunyar ta ɗau zafi ya kai digiri 300 ko fiye, ƙarafan nan suna kashe fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan guba.

Wani injiniya Bafaranshe mazaunin Amurka, Eugène Houdry, shi ya fara ƙera irinta a shekarun 1950. Amurka ta fara sa ta a yawancin sababbin motoci a 1975. Ƙasashen Tarayyar Turai suka bi a 1993. A da, fetur mai darma yana lalata ta, amma ƙasashen Afirka kudu da Sahara sun daina sayar da shi tun 2006.

To, me ya sa ake cire ta? A Turai da Amurka, wasu masu motocin gudu na ƙawa, irin su Porsche da Corvette, suna yanke tukunyar su maye gurbinta da zallan bututu. Suna son motar ta yi ruri, kuma suna cewa hayaƙi zai fita da sauri, inji ya ƙara ƙarfi. Zancen ya fi dacewa da tukwanen farko na shekarun 1970, masu cike da ƙwayoyi kamar tsakuwa, waɗanda ke riƙe numfashin inji. Na yanzu ramukansu a miƙe suke, ƙarfin da ake samu kaɗan ne. Ban da haka, akwai na'urar auna iska a bayan tukunyar. In ta ga babu tacewa, sai fitilar gargaɗi ta kama a gaban direba. Dokar Amurka ta hana cire ta daga motar da ke hawa titi. A Faransa kuma, motar da aka cire wa ba ta wuce binciken lafiyar mota.

A nan ƙasar, matsalar ta kuɗi ce. A watan Maris na 2021, rodiyum ya yi tsadar da ya ninka zinariya fiye da sau goma. Wannan ya sa ɓarayi suka shiga yankan tukwane a ƙasashe da yawa. Masu bincike na gwamnatin Holan sun duba tsofaffin motocin da ake lodawa zuwa Afirka, suka tarar an cire wa wasu tukunyar tun kafin su shiga jirgin ruwa. Irin waɗannan motoci ne ke sauka a Kotono da Lome, daga nan su yi arewa.

Wani lokaci kuma a gareji ake yin abin. Sai a ce wa mai mota tukunyar ce ke sa shan mai, a fasa ta, a kwashe cikinta a sayar, a like ƙarfen fanko. Gaskiya ne tukunya tana toshewa, mota ta rasa ƙarfi. Amma sau da yawa laifin daga inji yake: fulogi ya mutu, ko inji yana ƙona baƙin mai. In ba a gyara tushen ba, an yi aikin banza.

Hayaƙin da ba a tace ba kuwa, ba mai mota kaɗai ke shaƙarsa ba. Masu talla a tasha, ƴan kabu-kabu, da yara masu zuwa lakwal a bakin hanya, su suka fi kwasa.

Don haka, mai niyyar sayen mota a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, ya tafi da bakaniken da ya amince da shi, a leƙa ƙasan motar. Sabon walda a jikin bututun hayaƙi alama ce. Ƙarar da ta wuce kima da warin ɗanyen mai su ma alama ne. A kunna makulli a ga ko fitilar gargaɗi tana kamawa sannan ta mutu in inji ya tashi, don wasu suna cire ƙwanta. Wanda ya kai mota gyara kuma, kada ya yarda a taɓa tukunyar sai a gabansa. Sayen nagari, mai da kuɗi gida.