Ra'ayinmu: Gano Kuskure Shi Ne Karatun

Tun daga shekarar 2011 da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, 'ya'yan manoma da na 'yan kasuwa daga Kurfi da sauran garuruwan da ke kewaye suka sami damar karatun kimiyyar kwamfuta a ƙofar gida. Wannan abin godiya ne. Amma akwai wata ɗabi'a da wannan mujalla ba za ta yi shiru a kanta ba. Da zarar an ba da aikin gida da harshen C, ɗalibi ya rubuta furogiram, inji ya ƙi karɓa, sai ya yi fushi ya nufi wajen aboki ya kwafe nasa, ko ya biya wani ya rubuta masa, ko ya sa wata manhaja a waya ta yi masa. Ra'ayinmu shi ne, wanda ya yi haka ya gudu ne a daidai lokacin da darasin ya fara.

Dennis Ritchie ne ya ƙirƙiro harshen C a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen shekarar 1972, kuma da shi aka rubuta zuciyar Linux, wadda wayoyin Android da ke aljihunmu suka dogara a kanta. Harshe ne mai ba mutum iko sosai a kan inji, amma ba ya riƙe hannun kowa. Abin da ka rubuta shi zai aikata, ko da ba shi ka nufa ba.

Kura-kuran da sabon shiga ke yi iri biyu ne. Na farko su ne waɗanda kwamfaila ke kamawa, wato tafintan nan da ke juya rubutunmu zuwa harshen inji. Ka manta da waƙafi mai ruwa a ƙarshen umarni, ko ka buɗe baka ba ka rufe ba, sai saƙonni su cika allo. Kada yawansu ya razana ka. Ka karanta na farko kaɗai, ka je lambar layin da ya ambata, ka duba shi da layin da ke samansa, domin sau da yawa a can ɓarnar take. In ka gyara wannan ɗaya, sai ka ga sauran sun ɓace tare da shi.

Na biyu su ne masu haɗari, domin tafinta yakan bar su su wuce. Alamar = guda ɗaya tana zuba ƙima ne, biyu a jere su ne ke gwada daidaito. Wanda ya rubuta if (maki = 40) bai tambayi komai ba, ya mai da makin kowa 40 ne, kuma sharaɗin zai cika kullum. Haka nan in aka raba 7 da 2 alhali dukansu cikakkun lambobi ne, amsar 3 ce, rabin ya zube. Wanda ya manta da alamar & a gaban sunan ma'ajin lamba cikin scanf, furogiram ɗinsa na iya faɗuwa nan take. Jeri mai gurbi 10 kuwa daga 0 yake farawa ya ƙare a 9, duk wanda ya taɓa gurbi mai lamba 10 ya shiga gonar wani.

Kada wani ya ce wannan ƙaramin abu ne. A watan Nuwamba na 1988 wani ɗalibi a Jami'ar Cornell, Robert Morris, ya saki wani furogiram da ya gurgunta dubban kwamfutoci, kuma ɗaya daga ƙofofin da ya bi ita ce umarnin gets, wanda ba ya auna tsawon abin da aka shigar masa. A 2011 aka cire umarnin nan daga ƙa'idar harshen ɗungurungum. A 2014 kuma aka gano ɓarakar da ake kira Heartbleed cikin OpenSSL, inda rashin binciken tsawon saƙo ya jefa asirin jama'a cikin haɗari a duk duniya. Irin kuskuren aji ɗaya ne, sai dai ƙwararru ne suka yi shi.

To, gobe mu ne za mu zauna a ma'aikatun Katsina da sakatariyar ƙaramar hukuma a Kurfi ko Dutsin-Ma, a damƙa mana lissafin albashi da fansho da bayanan marasa lafiya. Ranar da albashin malamin firamare ya fito ba daidai ba, wa za a kwafa? Kayan aro ba ya rufe katara. Takardar digiri za ta shigar da mutum ofis, amma ba za ta nuna masa layin da ya lalace ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwanmu ɗalibai da su riƙi abu huɗu. A rubuta kaɗan a gwada kafin a ƙara. A kunna gargaɗin kwamfaila, kamar -Wall ga masu amfani da gcc, a kuma karanta shi. A dasa printf a wuraren da ake zargi domin a ga abin da ke cikin kowane ma'aji. In inji bai samu ba, a ɗauki takarda da biro a bi furogiram layi bayan layi kamar mutum shi ne injin. Taimakon aboki halas ne, amma ya nuna maka hanyar nema, kada ya miƙo maka amsa.

Muna roƙon malamanmu, cikin ladabi, su riƙa ba da furogiram mai kuskure a ce a gyara, su kuma tambayi kowane ɗalibi bayanin abin da ya miƙa baki da baki. Ƙungiyar Ɗalibai ita ma ta shirya zama na mako-mako inda 'yan manyan azuzuwa za su zauna da ƙannensu. Ga ma'aikata matasa da ke koyo bayan tashi daga ofis, ƙofar wannan zama ta zama a buɗe.

Kowa ya ci zomo ya ci gudu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.