Daga huhun goro zuwa ledar rogo

Duk wanda ya taɓa ganin ana kwance huhun goro ya san kakanninmu sun iya ƙunshi. Ganyen fita ne ke riƙe wa goro danshinsa tun daga Gwanja har Kano. Yau kuwa leda ta mamaye komai. Kunu da zafinsa a leda, alale a leda. In an gama ci a yar, ta toshe lambatu, ko saniya ta haɗiye ta yi ta rama.

Shi ya sa aikin da masu bincike ke yi a ƙasashe da dama ya ja hankalina. Suna dama sitacin rogo ko ƙaro, ko kitosan da ake samu daga ɓawon jatan lande, su shimfiɗa ya bushe ya zama falle siriri kamar leda. Sai su sa masa man kanumfari ko na kirfa. Sinadarin da ke sa kanumfari ya kwantar da ciwon haƙori, shi ne ke hana ƙwayoyin cuta hayayyafa a jikin nama. Wasu ma ruwan zoɓo suke ƙarawa, domin launinsa na sauyawa da zarar kifi ya fara ɓaci. In an yar da ƙunshin, ƙasa ta cinye shi.

To, ina kayan haɗin suke? Babu ƙasar da ta kai Najeriya noman rogo a duniya. Ƙaro na nan a Yobe da Borno, zoɓon Jigawa kuwa har Meziko ake kai shi. Ɗanyensu muke sayarwa, sannan mu sayi leda.

Ban ce babu matsala ba. Fallen sitaci ba ya jure ruwa, ƙamshin kanumfari kan shiga abinci, kuma har yanzu da tsada. Ruwanda ta haramta leda a 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana mazubin kumfa a 2024. Amma doka kaɗai ba ta raba mai ƙosai da leda, sai ta ga abin da ya yi mata araha.

Nan ne aikin jami'o'inmu da masu jari yake. Kada binciken ya ƙare a kundin digiri da ƙura za ta rufe. A gwada shi a kan kilishi da daddawa, cikin zafin bazara, a yi lissafin kuɗinsa. Ranar da mai ƙosai ta tambayi nawa ne ƙulli ɗari, ta ji farashin ta miƙa kuɗi, ranar ce binciken ya kammala.